Allurar Takarda

Har yau akwai mutane a Gada Biyu da ke amsa gaisuwata a daƙile, wai ni na sa aka rufe asibitin Dokta na bayan Taminus, na toshe wa matafiya hanya mai sauƙi. Ni na sa, ban taɓa musu ba. Da za a sake buɗe shi gobe, kafin rana ta yi zafi za a same ni a ƙofar ofishin masu duba asibitoci. Amma tunda kowa ya faɗi nasa a majalisa, bari ni ma in faɗi nawa, don ni na yi tafiyar, kuma mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da aikin kuza ya fara mutuwa. Ni da abokina Dung mun shekara goma sha biyu muna gyaran injinan ruwa a ramukan kuza, har aka wayi gari injinan sun fi ramukan yawa. Muna cikin wannan zaman sai ga wasiƙa daga wani tsohon ogan mu da ya koma kamfanin katako a ƙasar Gabon, yana neman makanikai biyu, amma da sharaɗin mu isa kafin damina ta rufe hanyar daji. Fasfo bai ba mu wuya ba. Abin da ya rage shi ne katin allura, wannan mai ruwan ɗorawa, wanda ke nuna an yi wa mutum rigakafin shawara da lambar agana.

A wurin gwamnati rana ɗaya tak ake yin allurar shawara a mako, kuma bayan an yi sai katin ya kwana goma kafin ya fara aiki. Mu kuwa ba mu da kwana goman. Duk direban da muka tambaya a tasha sai ya nuna mana bene ɗaya da haɓa, saman wani shagon tayoyi. Can Dokta yake. Tsohon mai ba da magani ne a asibitin kamfanin kuza, ya sami farar riga ya buɗe nasa. Ɗakin tsaf yake, ban raina shi ba. A bango ga takardar masu duba asibitoci cikin gilashi, a kusurwa ga firji mai aiki da kananzir, an lulluɓe kansa da ƙyallen saƙa an ɗora furannin roba. Tambaya ɗaya yake yi wa kowa, ko kai ba ya ɗagawa: "Ta hannu ko ta takarda?"

Ta hannu ita ce a tsira maka allura. Ta takarda kuwa, a buga maka hatimi, a ja kwanan wata baya da mako uku, ka sauka da hannunka lafiya lau. Mu makanikai da dantse muke ci, kuma an cika mana kunne cewa allurar tana kumbura hannu ta kwantar da mutum a hanya. Dung, shi da ya yi makarantar Mishan, ya ce ko dai mu jira na gwamnati. Ni na tsokane shi. Na ce mutumin da ya sha ruwan ramin kuza shekara goma sha biyu bai mutu ba, wane ciwo ne kuma ya rage a duniya da zai kama shi? Ya yi dariya ya miƙa katinsa. Wannan maganar tawa ba ta taɓa barina ba.

Garwa, a ƙasar Kamaru, ita ce ta fara koya mana cewa mu 'yan Jos ne. Zafi ya sa Dung ya cire rigar sanyin da matarsa Chundung ta saƙa masa, ya naɗe sufanunsa na kwance noti a ciki. A Ngaundare muka shiga jirgin ƙasa, muka tsaya a ƙafa rabin hanya, akwatin kayan aiki a tsakaninmu. In lokacin salla ya yi shi ke tsare mini akwatin, in ya rufe ido zai yi addu'ar abinci ni ke tsare masa kwanon, don akwai masu saurin hannu a jirgin. Wata tsohuwa da ba mu ji yarenta ba ta lura ba mu ci komai ba tun safe, ta ɓare mana fiya da wani rogo da ake naɗewa a ganye. Dung ya ci yana ɓata fuska, ya ce da gwaten gida ne da ya yi mata waƙa.

A Yawunde muka sauka unguwar Hausawa, mai masauki ya sa mu a ɗakin da yake ajiye fatu, muka kwana biyu muna wari. Direban da ya rantse mana har bakin iyaka zai kai mu, a wani ƙauye kafin Ambam ya sauke mu, ya ce motarsa ba ta son sauran hanyar. Muka ɗauki akwati a ka, muna karɓa-karɓa, har wata motar koko ta tausaya mana. Duk shingen da muka wuce ana duba katin allura, a kalli hatimi, a miƙo mana. Na fara yi wa Dung gori, ina cewa ka ga aikin Dokta.

Iyakar Gabon kogi ce, ana tsallakawa da jirgin fito. A ɗaya gaɓar akwai wata rumfar kwano ta ma'aikatan lafiya, a ciki wata nas gajeruwa mai tabarau, kowa Madam yake ce mata. Faransanci take yi, don haka wani Bakatsine mai tsire a bakin kogin, Alhaji Mamman, shi ke yi wa Hausawa tafinta. Ta duba katinmu kamar kowa. Sai ta yi abin da ba wanda ya yi mana tun daga Jos, ta ce mu naɗe hannun riga.

Dung yana da tsohuwar lamba a dantse, faɗinta ya kai kwabo, tun ta makaranta. Wanda aka taɓa yi wa, in an sake ba lalle ta tashi ba, don haka ta wuce shi. Nawa dantsen kuwa sumul. Lokacin da muke yara, in masu lamba suka shigo unguwa suka tsaga mana, suna juya baya uwayenmu ke goge wurin da lemun tsami don kada ya ruru ya sa mu zazzaɓi. Innata ta ƙware a wannan, cikin mu bakwai ba mai tabo. To ga kati yana cewa mako uku da suka wuce aka yi mini lamba, ga hannu ko ƙwarzane babu.

Na fara da tsiya, na ce jikina ne mai saurin warkewa. Alhaji Mamman bai ma fassara ba, ya ce mini ƙasa-ƙasa, ɗan'uwa, matar nan ta ga irinka ta gaji, faɗi gaskiya ka huta. Na faɗa. Ta ɗauki katin Dung ta ajiye kusa da nawa, hatimi ɗaya, rubutu ɗaya, rana ɗaya. Ta yi tambaya, Alhaji ya juyo gare ni.

"Ta ce na abokinka fa? Shi ma haka ne?"

Daga inda nake tsaye ina hango motar kamfanin katako tana lodi. In aka tsare mu duka, aikin ya tafi, mu koma Jos hannu biyu. Kuma a tarbiyyarmu ba a tona abokin tafiya a gaban hukuma, wanda ya yi haka ba a sake zama da shi. Na ce, "Nasa na gaskiya ne. A gabana aka tsira masa. Ni ne na ji tsoron allura."

Dung ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Madam ta daɗe tana dubansa ta saman tabarau, sannan ta miƙa masa katinsa. Da zai hau mota ya bar mini rabin sufanun, ya ce, "Sale, zan riƙe maka wurinka. Kada ka cinye tsiren mutane kafin ka zo."

Ba kurkuku aka sa ni ba, ɗaki ne a bayan rumfar mai gado da gidan sauro. Sai da muka jira kwana huɗu, don kwalbar allurar shawara ta mutum goma ce, ba a fasa ta sai an taru, kuma daga garin Bitam ake kawo ta cikin ƙanƙara. Ranar da ta iso na ga yadda ake yi. Madam ta duba ƙanƙarar, ta karanta lambar jikin kwalbar ta rubuta a katin kowa, ta yi mana a jere cikin sauri, abin da ya rage ta zubar a gabanmu. Na tuna firjin Dokta da furanninsa, wanda tsawon zamanmu a ɗakin ban ga wutarsa a kunne ba, ban ga an buɗe shi ba. Ta tsaga mini lamba kuma. Alhaji Mamman, don tsokana, ya ba ta labarin lemun tsami, sai ta ɗaure wurin da bandeji, kowace safiya ta kwance da kanta ta shinshina.

A ranar allurar ne ta yi mana bayani. Ta ce ba don mugunta take tsare mutane ba. A dajin da ake yankan katako birai na mutuwa, kuma in birai suka fara mutuwa, shawara ta kusa shiga mutane, sauro ne ke ɗaukowa. Baƙo wanda ba a yi wa allura ba shi take fara kayarwa. Alhaji yana fassarawa, ni kuwa Dung kawai nake tunani. Ya kawo mini tsire da yamma kamar kullum, na kasa ci. Duk da haka sai da na ƙara kwana biyu ina ja da kaina, ina cewa Dung ƙaƙƙarfa ne, ina cewa in na faɗa za a dawo da shi a kore mu duka. Wannan kwana biyun ma nawa ne, ba na Dokta ba.

Da na gaya mata ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta goge, ta rubuta takarda zuwa ga mai kula da marasa lafiya na kamfanin, cewa a fito da Dung daga daji a yi masa allura, ta ba direban motar katako. Na ce a bar ni in bi motar. Ta ce sai kwana goma sun cika, ba za ta aika daji da mutum na biyu ba. Na yi mata rashin kunya iyakar iyawata, Alhaji ya ƙi fassara ko kalma ɗaya. Sauran kwanakin na yi su ina gyara injin jirgin fito kyauta don kada in haukace, hannu a kumbure, ina kewar sanyin Jos da ƙarar injin ruwa da ma warin ramin kuza.

Ranar da aka sake ni, motar da na shiga a Bitam ta direban nan ce. Muna tafiya na ga takardar Madam a saƙale bayan madubinsa. Ruwa ya cinye wata gada, tun ranar bai sami shiga dajin ba sai yau. Ni da takardar tare muka isa.

Na sami Dung a ɗakin marasa lafiya na sansanin kamfanin, kwance a gadon katako. Idanunsa sun yi ɗorawa sosai, leɓɓansa sun tsage, kusa da shi ga bokiti da ba na son tuna abin da ke ciki. Oga ya ce mini tun zuwansa aikin mutum biyu yake yi, kullum yana cewa abokinsa na hanya, kada a ba kowa wurin. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya tashi kwana ɗaya kamar ya warke har ya koma kan injin, sannan ya sake faɗuwa. Mai ba da magani ya ce yanzu allura ba ta da amfani.

Ya gane ni. Ya kalli bandejin hannuna ya yi murmushi, ya ce ashe an kama Bahaushe. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni.

"Katin yana cikin akwati, cikin rigan da matana ya saƙa," in ji shi. "In ka koma ka kai wa Dokta. Ka ce masa bai yi aiki ba."

Kwana biyu ya ƙara. Ma'aikatan wurin suka kira malamin cocinsu, ni na haƙa kabarin, ni na buga katakon da aka kafa a kansa, don ba wanda ya san yadda ake rubuta sunansa sai ni. Oga ya ce wurina yana nan, har zai ƙara mini matsayi. Na ce ya riƙe aikinsa, an aike ni. A bakin kogi Madam ta rubuta mini takarda mai hatiminta, ta bayyana abin da ta gani a katunan biyu, Alhaji Mamman ya cusa mini ƙunshin kilishi a aljihu.

Da na iso Jos ban sauka gida ba sai da na je gidan Dung a Daɗin Kowa. Na ajiye wa Chundung rigar sanyin da sufanun, na zauna a ƙasa na gaya mata duka, har tsokanar da na yi masa a bene, har ƙaryar da na yi a bakin kogi, har kwana biyun nan. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta riƙe rigar a cinya, ta tambaye ni ko wurin Dokta yana buɗe har yanzu. Na ce da na wuce ta Taminus na ga layi har kan matakala. Ta ce, to, Malam Sale, gobe ka zo ka kai ni inda ake kai ƙara.

A ofishin masu duba asibitoci aka tura mu wurin wata Sista Talatu, dattijuwa mai furfura a goshi. Ta ce sun daɗe suna jin ƙishin-ƙishin. Matsalar ita ce bisa al'adar aikinsu sai an aika wa mai asibiti takarda mako guda kafin a je duba shi. Ranar da za su je sai su tarar firji a kunne, ga ƙanƙara, ga kwalabe a jere, ga lemon kwalba mai sanyi an ajiye wa baƙi. Ba sa iya zuwa ba sanarwa sai in wani ya kawo ƙara a rubuce ya sa hannu. Kuma ba matafiyin da ya taɓa yarda, don mai riƙe da katin ƙarya shi ma mai laifi ne, ana iya karɓe fasfonsa. Ta ce in je in yi tunani. Na ce na yi tunanin a mota tun daga Gabon, ta ba ni biro.

Kafin mako ya zagayo magana ta fita. Dattawan tasha suka zo har gida, da wasu 'yan unguwarmu masu shirin tafiya, suka ce ƙaddara ce, kwanan Dung ne ya ƙare, kada in tona asirin mai iyali, kada in jawo wa talakawa wahalar layin gwamnati. Na ce na yarda da ƙaddara sarai, kuma cikin ƙaddarar har da cewa ni zan dawo da rai da bakina. Wani ya ce ai Dung ɗin ba ɗan'uwana ba ne, ko addini ba mu haɗa ba. Wannan na raka shi har ƙofa da kaina, ban kuma sake shiga shagonsa ba. Fasfona kuwa an karɓe shi kamar yadda Sista ta faɗa, ban sake tsallaka iyakar kowace ƙasa ba.

Ranar Litinin da hantsi muka je benen Dokta ba sanarwa. Sista ta ce in fara hawa, su biyo baya. Na bi layi kamar kowa har na isa gaban teburin. Dokta yana goge hatiminsa, bai ɗaga kai ba.

"Ta hannu ko ta takarda?"

Na naɗe hannun riga na nuna masa sabon tabona, sannan na ajiye katin Dung a kan teburin. Na ce, "Mai wannan ne ya aiko ni. Ya ce in gaya maka bai yi aiki ba."

Ya buɗe katin, ya karanta sunan, ya dube ni, sai ga Sista Talatu a ƙofa da ɗan sanda da Chundung. Sista ta nufi firjin, amma Chundung ta riga ta. Ta sauke furannin roba ta ajiye a ƙasa a hankali, ta yaye ƙyallen, ta ja murfin. Ɗumi ne ya fito. A ciki akwai ƙunshin goro a ganye, da kwanon abincinsa, da katuna masu ruwan ɗorawa ɗauri-ɗauri, an riga an buga musu hatimi suna jiran sunaye. Sista ta durƙusa ta jawo tankin kananzir, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Mutanen layi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Dokta ya miƙe, ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, yana tambayar kowa, mu muka zaɓa da bakinmu. Na ce haka ne, shi ya sa a takardar ƙarar sunana ne a sama, nasa a ƙasa.

Sista ta sa hatimin a jakarta, ta ciro takardar bango daga gilashinta, ta miƙa hannu za ta ɗauki katin Dung don shaida. Chundung ta dafe shi da tafin hannu. Ta ce a ɗauki na Malam Sale, iri ɗaya ne. Wannan za ta kai gida, don yaranta za su girma su tambayi abin da ya kashe babansu.